Bob Marley: Mawaƙin Talakawan Jamaika (1945–1981)

An haifi Robert Nesta Marley ran 6 ga watan Fabrairu, 1945, a ƙauyen Nine Mile da ke gundumar St. Ann ta tsibirin Jamaika. Mahaifinsa, Norval Marley, farar fata ne. Mahaifiyarsa kuwa, Cedella, baƙar fata ce, 'yar manoma. Uban bai zauna da su ba, ya kuma rasu Bob yana ɗan kimanin shekara 10. Ba da daɗewa ba uwa da ɗa suka koma Kingston, babban birnin ƙasar, suka yada zango a Trench Town, unguwar marasa galihu inda yunwa da zaman banza suka yi katutu.

A wannan unguwa ce ya fara koyon walda, amma hankalinsa yana wajen waƙa. Ya yi faifansa na farko a 1962, shekarar da Jamaika ta sami mulkin kai daga Ingila. A 1963 shi da abokansa biyu, Peter Tosh da Bunny Wailer, suka kafa ƙungiyar Wailers. Kiɗan da ake yayi a lokacin shi ne ska, mai saurin tafiya. Sannu a hankali aka sassauta shi, aka ƙara wa ganga da jita mai kauri nauyi, har ya zama rege a ƙarshen shekarun 1960. A 1966 ya auri Rita Anderson, kuma a shekarun nan ne ya rungumi aƙidar Rastafari, wadda mabiyanta ke ɗaukaka Sarkin Habasha Haile Selassie, suna kuma ɗaukar Afirka a matsayin gidansu na asali.

Ƙofar duniya ta buɗe masa a 1972, sa'ad da Chris Blackwell na kamfanin Island ya ba su kuɗin yin faifai. Aka fitar da Catch a Fire da Burnin' a 1973. Ko da abokan nan biyu suka rabu da shi, sai ya ci gaba da jan ragamar ƙungiyar. Jigon waƙoƙinsa bai sauya ba: zaluncin masu mulki, tabon cinikin bayi, da kira ga talaka ya tsaya wa haƙƙinsa.

Farin jinin nan shi ya jefa shi cikin haɗari. A lokacin, jam'iyyar PNP ta Firayim Minista Michael Manley da JLP ta Edward Seaga sun raba unguwannin Kingston, kowace da 'yan bangarta masu bindiga. Marley ya ƙi zama maroƙin kowa. Amma da ya yarda zai yi wasa a wani taron kwantar da hankali a Disamban 1976, sai gwamnati ta sa ranar zaɓe kusa da shi, aka shiga yi masa kallon ɗan Manley. Ran 3 ga watan, 'yan bindiga suka faɗa gidansa da dare, suka harbe shi a hannu, suka raunata matarsa da manajansa. Bayan kwana biyu ya hau dandamali da rauninsa, ya yi wasan, sa'an nan ya bar ƙasar. A Landan ya yi faifan Exodus na 1977.

Ya komo gida a 1978. Ran 22 ga Afrilu, a tsakiyar wasa a babban filin wasanni na Kingston, ya kira Manley da Seaga, ya haɗa hannuwansu bisa kansa a gaban dubban jama'a. Sulhun bai ɗore ba, domin zaɓen 1980 ya ci rayukan ɗaruruwan mutane. Duk da haka, abin da ya yi ya nuna irin matsayin da mawaƙi ke iya kaiwa idan bai sayar da bakinsa ba. A Afrilun 1980 kuma aka gayyace shi ya yi wasa a bikin 'yancin kan Zimbabuwe.

Tun 1977 likitoci suka gano ciwon daji a babban yatsan ƙafarsa, suka ba da shawarar yanke shi, ya ƙi. Ciwon ya bazu a jikinsa. Ya yi wasansa na ƙarshe a Pittsburgh ta Amurka a Satumban 1980, ya yi jinya a Jamus, ya rasu a Miami ran 11 ga Mayu, 1981, yana da shekara 36. Gwamnati ta yi masa jana'izar ban girma, wadda Seaga, da ya zama Firayim Minista, da Manley duk suka halarta. Aka binne shi a Nine Mile.

Bayansa salon dancehall ya mamaye Jamaika, 'ya'yansa Ziggy da Stephen da Damian kuma suka gaji sana'ar. A 2018 hukumar UNESCO ta sa rege cikin jerin al'adun da duniya ta gada, kiɗan da aka taɓa rainawa a matsayin hayaniyar 'yan Trench Town.