Alexander Alekhine: Sarkin dara da gasar Turai ta 1942 ta zubar wa mutunci

Da safiyar ranar 24 ga watan Maris na 1946 aka iske gawar Alexander Alekhine a ɗakinsa na otel a Estoril, wani garin bakin teku kusa da Lisbon, babban birnin Portugal. Yana zaune a kujera sanye da kwat, ga kwanukan abincin dare a gabansa, ga allon dara a gefe. Shekararsa 53, kuma har ranar shi ne zakaran duniya a wasan dara na chess.

Ya mutu ba kuɗi, ba iyali a kusa, manyan abokan wasansa kuma sun juya masa baya. Shekara uku da rabi kafin nan, wannan mutumin ne aka yi wa tafi a birnin Munich na Jamus a matsayin zakaran nahiyar Turai. Wannan gasa, da mutanen da suka shirya ta, suna cikin abubuwan da suka kai shi ga irin wannan ƙarshe.

Ɗan masu hali daga Mosko

An haifi Alekhine a birnin Mosko ranar 31 ga Oktoban 1892. Mahaifinsa mai gonaki ne da ya taɓa zama ɗan majalisar dokokin Rasha, mahaifiyarsa kuma 'yar wani attajiri ce mai masaƙa. A gida ya koyi dara tun yana ƙarami, tare da yayansa Alexei.

Darar da ake magana a kanta ta bambanta da wadda ake yi a ramuka a ƙasar Hausa. Allo ne mai gida 64, kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 16, ciki har da sarki da sarauniya da dawaki da sojoji. Wanda ya ritsa sarkin abokin karawarsa ya hana shi mafita shi ne ya ci. A gasa, nasara maki ɗaya ce, canjaras kuma rabin maki.

Yana ɗan shekara 16 ya lashe gasar masu tasowa ta Rasha a birnin St. Petersburg a 1909. A wannan birnin ya karanta shari'a. A 1914 ya zo na uku a wata babbar gasa da aka yi a can, bayan Emanuel Lasker, zakaran duniya na lokacin, da José Raúl Capablanca ɗan ƙasar Kuba. Daga nan duniyar dara ta san da zamansa.

Yaƙi da juyin juya hali

Alekhine yana kan gaba a wata gasa a Mannheim ta Jamus lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914. Aka dakatar da wasa, aka tsare shi da sauran 'yan wasan da suka zo daga Rasha. Bayan 'yan makonni aka sake shi, ya koma gida, daga baya ya yi aiki da ƙungiyar agaji ta Red Cross a fagen daga.

Juyin juya halin 1917 ya raba danginsa da dukiyarsu. A 1919 'yan sandan asiri na sabuwar gwamnatin kwaminisanci suka kama shi a Odessa, ya sha da ƙyar. Shekara ɗaya bayan haka ya lashe gasar da a yau ake lissafawa a matsayin ta farko ta Tarayyar Sobiyet. A 1921 ya samu izinin fita tare da matarsa, wata 'yar jarida daga Switzerland. Bai sake taka ƙasar Rasha ba har ya mutu.

Ya zauna a Paris, daga baya ya zama ɗan ƙasar Faransa. A shekarun nan ne ya yi suna da buga wasa ba tare da kallon allo ba: ana faɗa masa motsin abokan karawa, shi kuma yana riƙe da kowane allo a ka. Ya kara da mutum 26 a lokaci guda a New York a 1924, da 28 a Paris a 1925, sannan 32 a Chicago a 1933.

Yadda ya kayar da Capablanca

A wancan zamani, kambun duniya kusan mallakin wanda ke riƙe da shi ne. Zakara ne ke gindaya sharuɗɗa, kuma Capablanca, wanda ya karɓe kambun daga Lasker a 1921, ya ce duk mai son karawa da shi sai ya kawo dala 10,000. Alekhine ya yi shekaru yana neman kuɗin, har masu son dara a Ajantina suka ɗauki nauyi.

An fara karawar a Buenos Aires a watan Satumban 1927. Kusan kowa ya ba Capablanca nasara, domin kafin lokacin Alekhine bai taɓa cinsa ko sau ɗaya ba. Sai dai Alekhine ya zauna ya bi wasannin mutumin ɗaya bayan ɗaya, ya gano cewa yakan dogara da baiwarsa ya yi sakaci idan wasa ya yi tsawo. Don haka ya ajiye salonsa na kai farmaki, ya bi shi a hankali.

Sun yi wasa 34 cikin fiye da wata biyu. Alekhine ya ci shida, Capablanca ya ci uku, 25 suka tashi canjaras. A ƙarshen Nuwamba duniya ta samu sabon zakara.

Capablanca ya nemi a sake, amma Alekhine ya ɗora masa sharuɗɗan da shi ma aka ɗora masa, aka yi ta ja-in-ja har gaba ta shiga tsakaninsu. Ba su sake karawa a kan kambun ba. Maimakon haka Alekhine ya kare shi sau biyu a hannun Efim Bogoljubov, a 1929 da 1934. A gasar San Remo ta 1930 ya ci wasa 13 cikin 15 ba tare da an ci shi ba.

A Mosko kuwa, bayan an ruwaito ya soki gwamnatin kwaminisanci a wani taron 'yan gudun hijirar Rasha a Paris, hukumomin dara suka ayyana shi maƙiyi. Yayansa Alexei, wanda suka koyi wasan tare, ya fito fili ya nesanta kansa da shi.

Giya ta so ta ga bayansa. A 1935 Max Euwe, wani malamin lissafi ɗan ƙasar Holan, ya ƙwace kambun da tazarar maki ɗaya. Alekhine ya daina sha, ya gyara jikinsa, ya dawo a 1937 ya ci wasa goma, Euwe ya ci huɗu, ya karɓe abinsa.

Maƙalolin da suka bi shi har kabari

Yaƙin Duniya na Biyu ya same shi a Buenos Aires a 1939, yana jagorantar tawagar Faransa a gasar ƙasashen duniya. Yana da damar zama a can kamar yadda 'yan wasa da dama suka yi, amma ya koma Turai ya shiga rundunar sojin Faransa. Da Jamus ta mamaye Faransa a 1940, ya yi ƙoƙarin tafiya Amurka ta hanyar Lisbon, abin bai yiwu ba. Matarsa ta lokacin, Grace, tana Faransa, gidansu da ke yankin Normandy kuma yana hannun Jamusawa.

A watan Maris na 1941 jaridar Pariser Zeitung, wadda 'yan mamaya ke bugawa a Paris, ta fitar da jerin maƙaloli da sunansa. Maƙalolin sun raba dara gida biyu bisa ƙabila, suna cewa Yahudawa matsorata ne a kan allo kuma kuɗi kawai suke nema. Sun ambaci sunayen manyan gwanaye, ciki har da Wilhelm Steinitz da Aron Nimzowitsch da Lasker, wanda ya rasu a gudun hijira a New York kimanin wata biyu kafin nan.

Daga nan Alekhine ya shiga buga gasannin da Jamus ke shiryawa a Munich da Salzburg da Prague, da kuma Krakow da Warsaw a Poland. Mai ɗaure wa gasannin Poland gindi shi ne Hans Frank, gwamnan 'yan Nazi a ƙasar, mai sha'awar dara, wanda aka rataye a 1946 bayan shari'ar Nuremberg.

Gasar Munich

A watan Satumban 1942 hukumar dara ta Jamus, ƙarƙashin jagorancin Ehrhardt Post, ta shirya gasa a Munich ta kira ta gasar zakarun Turai. Manufar ita ce a nuna wa duniya cewa nahiyar ta haɗu a ƙarƙashin Jamus, kuma harkoki na tafiya lafiya lau.

'Yan wasa 12 ne suka shiga, kowa ya kara da kowa. Akwai gwanaye na gaske a cikinsu: Paul Keres ɗan Estoniya, wanda ake ganin zai iya zama zakaran duniya, da Bogoljubov, da Jan Foltys daga ƙasar Czech, da Gösta Stoltz ɗan Sweden, da Gedeon Barcza ɗan Hungary, da wani matashin Bajamushe ɗan shekara 18 mai suna Klaus Junge.

Alekhine, yana gab da cika shekara 50, ya samu maki takwas da rabi cikin 11. Ya doke Keres a wasan da suka yi, ya bar shi a matsayi na biyu da maki bakwai da rabi. A fagen wasa dai babu wanda ya yi jayayya da nasararsa.

Jayayyar tana kan waɗanda ba su zo ba. Babu ɗan Birtaniya, babu ɗan wasan da ke wakiltar Tarayyar Sobiyet, don haka babu Mikhail Botvinnik. Euwe bai halarta ba. Ba a bar Bayahude ko ɗaya ya shiga ba, alhali Yahudawa na cikin ƙashin bayan dara a Turai. Miguel Najdorf ɗan Poland yana maƙale a Ajantina, daga baya ya samu labarin an kashe matarsa da 'yarsa da iyayensa. Dawid Przepiórka, wani gwanin Poland, tun 1940 Jamusawa suka harbe shi.

A makonnin da ake tura 'ya'yan dara a Munich, ana gwabza yaƙin Stalingrad. A daidai lokacin ne kuma aka kammala kwashe Yahudawa fiye da 250,000 daga unguwar da aka killace su a Warsaw zuwa sansanin kisa na Treblinka. Shi kansa Junge bai ga ƙarshen yaƙin ba, an kashe shi a fagen daga a watan Afrilun 1945 yana sanye da kakin sojan Jamus.

Ranar biyan bashi

A ƙarshen 1943 Alekhine ya tafi Madrid, bai sake komawa yankin da Jamus ke iko da shi ba. Ya ci gaba da neman na abinci da ƙananan gasanni a Sifaniya da Portugal, lafiyarsa na ja da baya. A Gijón a 1944 wani yaro mai suna Arturo Pomar ya yi canjaras da shi.

Da yaƙi ya ƙare, masu shirya gasar Landan ta 1946 suka gayyace shi. Euwe da 'yan wasan Amurka suka nuna rashin amincewa, aka janye gayyatar. Alekhine ya rubuta wasiƙa yana kare kansa. Ya ce ba shi ya rubuta maƙalolin a yadda suka fito ba, an cusa masa kalaman da ba nasa ba ne, kuma ya buga gasannin ne don ya kare matarsa ya kuma samu abin sawa a baka.

Masu tausaya masa suna nuni da cewa mutum ne da ba shi da wata sana'a sai dara, kuma ba shi kaɗai ya yi wasa a ƙarƙashin mamaya ba. Keres ma ya yi, amma ya ci gaba da wasa bayan yaƙi. Masu sukarsa kuma suna cewa bai musanta maƙalolin ba sai da Jamus ta fara faɗuwa. Daga baya masu bincike sun tono hirarrakin da ya yi da jaridun Madrid a 1941, inda ya yi magana a kan rubutun a matsayin nasa.

Ana cikin haka sai ga saƙo daga Mosko: Botvinnik na neman karawa da shi a kan kambun duniya, za a yi a Ingila. Alekhine ya amince, ya fara shiri a ɗakin otel ɗinsa na Estoril. Wannan ce damar da yake ganin za ta dawo da shi cikin mutane. Bai kai ga ranar ba.

Binciken likitoci ya ce yankan nama ne ya shaƙe shi, wasu rahotanni kuma suka ce bugun zuciya ne. An daɗe ana raɗe-raɗin kashe shi aka yi, amma babu wanda ya kawo hujja. Sai da gawarsa ta yi makonni kafin a binne ta.

Abin da ya bari

Alekhine ne kaɗai zakaran duniya da ya mutu da kambun a hannunsa. Mutuwarsa ta ba hukumar dara ta duniya, FIDE, damar karɓe ragamar kambun daga hannun ɗaiɗaikun zakaru. Ta shirya gasa a 1948, Botvinnik ya lashe.

A 1956 aka mayar da ƙasusuwansa maƙabartar Montparnasse a Paris. A shekarar ce kuma Mosko, wadda ta taɓa kiransa maƙiyi, ta shirya babbar gasa don tunawa da shi. Har yau masu koyon dara suna nazarin wasanninsa da littattafansa, kuma akwai salon buɗe wasa da ke ɗauke da sunansa, inda mai baƙaƙen 'ya'ya ke fito da doki tun a motsin farko don ya jawo sojojin abokin karawa su yi gaba su bar gida a buɗe.

Gasar zakarun Turai ta ɗaiɗaikun 'yan wasa da ake yi a yau ta fara ne a shekarar 2000 a Saint-Vincent ta Italiya, inda Pavel Tregubov ɗan Rasha ya yi nasara. Daga kansa hukumar dara ta Turai ke fara lissafin zakarunta. Gasar Munich ta 1942 ba ta cikin lissafin.