Marigayiya Amina Rizk: Uwar Da Ba Ta Haifa Ba

A duk lokacin da muka waiwayi tarihin wasan kwaikwayo a ƙasar Masar, sunan marigayiya Amina Rizk yana cikin na farko da za mu ambata. Ta shafe kusan shekara 80 tana wannan sana'a, tun daga dandamali har zuwa majigi da talabijin, a zamanin da ake kallon macen da ta hau dandamali a matsayin wadda ta zubar da mutuncin gidansu.

An haife ta a garin Tanta ranar 15 ga watan Afrilu, 1910. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, wanda hakan ya sa ta koma birnin Alƙahira tare da mahaifiyarta. A can ne ta bi sahun wata 'yar'uwar iyayenta, Amina Muhammad, wadda ita ma 'yar wasa ce. A shekarar 1924 ta shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Ramsis, wadda Yusuf Wahbi ya kafa, inda ta fito a wasan Rasputin tana da shekara 14 kacal. Daga nan ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙan ƙungiyar, ta kuma yi fice wajen wasannin ban-tausayi.

Da harkar fim ta kankama, ba a bar ta a baya ba. Ta fito a Auladuz Zawat a 1932, wanda ake lissafawa a matsayin fim mai magana na farko a Masar. Amma abin da ya dasa ta a zukatan jama'a shi ne fitowa a matsayin uwa. A Du'a'ul Karawan na 1959, wanda aka ɗauko daga littafin Taha Husain, ita ce uwar da 'yarta ta halaka a hannun kawunta da sunan kare mutunci. A Bidaya wa Nihaya na 1960, daga littafin Najib Mahfuz, ta fito a matsayin wadda miji ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da talauci. Abin mamaki a nan shi ne, wannan baiwar Allah da Larabawa suka ɗauka uwa ba ta taɓa yin aure ba, balle ta haihu.

A ganinmu, aikinta mafi nauyi shi ne wanda ta yi a Uridu Hallan, wato Ina Neman Mafita, a 1975, tare da Fatin Hamama. Ta fito a matsayin dattijuwar da mijinta ya saka bayan doguwar zaman aure, ta dinga safa da marwa a kotu tana neman abin da za ta ci, ba ta da gidan komawa. Fitowar ba ta da tsawo, amma ta girgiza masu kallo. Fim ɗin yana cikin abubuwan da suka tayar da muhawara a kan dokokin aure da saki, kafin gyaran da aka yi musu a 1979, zamanin Shugaba Anwar Sadat.

Tsufa bai raba ta da sana'arta ba. Ta ci gaba da fitowa a wasannin talabijin masu dogon zango, har da Opera Aida a shekarar 2000, tana da shekara 90. A shekarun 1990 kuma aka naɗa ta mamba a Majalisar Shura ta Masar. Yarinyar da ta shiga sana'ar da ake ƙyama ta wayi gari tana zaune cikin masu tsara wa ƙasa doka.

Ta rasu a Alƙahira ranar 24 ga watan Agusta, 2003, tana da shekara 93. Masu iya magana sun ce kowa ya daɗe ya ga daɗau, kuma mutuncin sana'a yana hannun mai yin ta. Allah Ya jiƙanta da rahama, amin.