Henry Le Chatelier, injiniyan da ya zaɓi wayar auna wutar siminti

Duk wanda ya bi hanyar Garwa zuwa Marwa ya san masana'antar siminti ta CIMENCAM da ke Figuil. A cikin tanderunta ake gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu har zafi ya kai wajen digiri 1,450. In wuta ta gaza, simintin ba zai yi ƙarfi ba. In ta zarce, an yi asarar mai, bulon da ke jikin tanderu kuma ya lalace. Ma'aunin zafi na gilas narkewa zai yi tun kafin a kai nan. Mutumin da ya samar wa masana'antu hanyar auna irin wannan wuta Bafaranshe ne, Henry Le Chatelier.

An haife shi a Paris ranar 8 ga Oktoba 1850. Mahaifinsa, Louis Le Chatelier, babban injiniyan ma'adinai ne da ya yi aiki kan jiragen ƙasa da ƙarfe da alminiyom, don haka yaron ya tashi yana jin hirar masana'antu a gida. Ya shiga École Polytechnique a 1869, yaƙin Faransa da Furusiya na 1870 ya katse masa karatu, daga baya ya wuce École des Mines. A 1877 aka ba shi koyar da kimiyyar sinadarai a wannan makaranta. Ƙanensa Alfred soja ne, shi ya rubuta littafi kan Musulunci a Afirka ta Yamma a 1899, amma wannan wani labari ne daban.

Ɗaliban lise sun san sunan Henry ta ƙa'idar da ya fitar a 1884, wadda ke cewa in aka matsa wa haɗin sinadaran da ya daidaita, zai karkata ta inda zai rage matsin. Sai dai abin da ya fi cin lokacinsa a waɗannan shekaru siminti ne, kuma a kansa ya rubuta kundin digirinsa na dakta a 1887. Yana so ya san abin da ke faruwa da yumɓu da farar ƙasa a kowane mataki na wuta, alhali masu tanderu da ido suke ƙiyasta zafi, su dubi launin garwashi.

Dabarar da ya ɗauko ta girme shi. Tun 1821 Thomas Seebeck na Jamus ya gano cewa in aka haɗa bakin wayoyi biyu na ƙarfe iri daban, aka ɗumama mahaɗar, wata 'yar wutar lantarki tana fitowa gwargwadon zafin. Wannan tagwayen waya ita ce thermocouple a Faransanci da Ingilishi. Becquerel da Pouillet sun gwada ta a wuta mai tsanani, da filatinom da faladiyom ko baƙin ƙarfe, sakamakon ya riƙa saɓawa. Victor Regnault, wanda maganarsa ke da nauyi a fagen auna zafi, ya yanke cewa ba abin dogaro ba ce, masana da yawa kuma suka bar ta.

Le Chatelier ya koma ya bincika wayoyin kansu. Ya ga baƙin ƙarfe da faladiyom ba sa zama iri ɗaya daga wannan kai zuwa wancan, wuta tana sauya su, sai kowane yanki na wayar ya riƙa ba da tasa wutar lantarki ta ƙarya. A 1886 ya tsaya a kan filatinom tsantsa a gefe guda, a ɗaya gefen filatinom da aka gauraya da rodiyom kashi 10 cikin 100. Ya haɗa su da allurar auna lantarki ta Deprez da d'Arsonval, ya daidaita ma'aunin da abubuwan da zafinsu ba ya canzawa, irin su tafasar ruwa, tafasar farar wuta da narkewar zinariya. Zaɓi ne mai tsada, wutar da wayar ke bayarwa kuma kaɗan ce, wajen kashi 1 cikin 100 na bolt a digiri 1,000. Abin da ya saya da wannan tsada shi ne lambar da za ta fito yau ta sake fitowa gobe.

Wannan haɗi shi ake kira nau'in S a yau, kuma tambayar da ya yi wa wayoyinsa ita ce har yanzu ke gaban ma'aikacin da zai sayi ma'auni. Nau'in K, na gaurayen nikel, ya fi araha, yana ba da lantarki kusan ninki huɗu na S, yana kaiwa wajen digiri 1,200, amma hayaƙi mai farar wuta yana cinye shi. Nau'in J, mai baƙin ƙarfe, yana tsayawa kusa da digiri 750 kuma yana tsatsa a danshi, abin lura ga mai aiki a bakin Binuwai da damina. Nau'in T, mai jan ƙarfe, na ɗakin sanyi ne da zafin da bai wuce digiri 350 ba. A matatar man angurya irin ta Sodecoton, inda tace mai ba ya kai digiri 300, sayen filatinom ɓarnar kuɗi ce. Shi ma S yana da rauninsa: tururin wasu ƙarafa yana gurɓata shi, sai an rufe shi cikin bututun tangaran. A tsakiyar tanderu mai juyawa kuwa, inda waya ba ta daɗewa, ana auna zafi ne daga hasken wutar, kuma Le Chatelier ɗin ne ya ƙera na'urar yin haka a 1892.

Ya yi wasu ayyukan da suka iso har bakin titi. Tare da Ernest Mallard ya yi nazarin iskar da ke fashewa a ramukan kwal. A 1895 ya nuna tsananin zafin harshen wutar asetilin da iskar oksijin, wanda masu waldar gas ke aiki da shi. Gwajin kumburin siminti da ake yi a ɗakunan gwaji har yau sunansa yake ɗauke da shi.

Babban abin da ya kufce masa ya faru a 1901. Ya yi ƙoƙarin haɗa amoniya daga naitirojin da haidirojin ƙarƙashin matsi mai yawa, iska ta shiga na'urar, ta fashe, saura kaɗan a rasa rai. Ya ajiye aikin. Bayan 'yan shekaru Fritz Haber ya yi nasara a kan wannan hanya, wadda daga gare ta ake samun takin zamani da manoman auduga ke zubawa, ya kuma karɓi kyautar Nobel. Le Chatelier bai taɓa samun ta ba, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya ɗauki barin wannan gwaji a matsayin kuskurensa mafi girma.

Ya shiga Makarantar Kimiyya ta Faransa a 1907, shekarar da ya gaji Henri Moissan a Sorbonne. Shi da matarsa Geneviève Nicolas sun haifi 'ya'ya bakwai. Ya rasu a Miribel-les-Échelles ranar 17 ga Satumba 1936, yana da shekara 85. Wayarsa ta filatinom da rodiyom ta zama ma'aunin duniya na zafi tsakanin kimanin digiri 630 da narkewar zinariya tun 1927, ba a sauke ta daga wannan matsayi ba sai 1990.