Jenny Lind, Mawaƙiyar Ƙasar Suwidin

An haifi Jenny Lind a birnin Istokholm a 1820, a gidan da babu wadata. Tana da shekara 9 kuyangar wata 'yar rawa ta gidan wasan Sarki ta ji ta tana waƙa, ta ba uwargijiyarta labari. Ta haka aka sa ta makarantar gidan wasan, aka koya mata opera, watau wasan kwaikwayon Turawa wanda ake rera maganarsa duka da waƙa. Muryarta irin siririyar nan ce ta mata wadda ta fi kowace hawa sama. A 1838 sunanta ya game ƙasarsu.

To, a nan fa abin da ya shafe mu yake, mu da ke koyon aikin malanta. Waɗanda suka fara koya mata sun bar ta tana ta waƙa ba hutu, ba su kuwa gyara mata numfashi ba, har muryar ta dushe tun tana da shekara 20. A 1841 ta tafi Faris wurin wani malami, Manuel Garcia. Da ya saurare ta, sai ya hana ta waƙa sam makonni da yawa, sa'an nan ya mayar da ita farko, kamar a ce wa mai sauka ya koma Fatiha. A ganinmu ba ƙaramin haƙuri ta yi ba, domin ta riga ta saba da yabo. Ta bi, muryar ta dawo, har ta fi ta da.

A 1847 ta yi wasa a Landan gaban Sarauniya Biktoriya. Shekara 2 bayan haka ta bar opera, ta koma waƙa zalla. A 1850 wani mai shirya wasanni, Barnum, ya kai ta Amurka, ta yi masa taro 93. Dukiyar da ta samu kuwa mai yawa ta tafi sadaka da taimakon makarantu a ƙasarsu. Ta auri makaɗinta, Otto Goldschmidt, a 1852, daga baya suka zauna Ingila, inda ita ma ta zama malamar waƙa a Landan.

Ta rasu a Malvern ran 2 ga Nuwamba, 1887. Babu faifai ko ɗaya da ya rage mai ɗauke da muryarta.