Oakes Ames: Daga Maƙera Zuwa Majalisa

'Yan uwanmu da ke karatu a jihar Iowa sun san garin Ames, amma na lura kaɗan ne a cikinmu suka san mutumin da garin ya ci sunansa. Oakes Ames ɗan maƙeri ne, an haife shi a Easton, jihar Massachusetts, a 1804. Shebur ake ƙerawa a gidansu. Shi da ƙanensa Oliver suka ci gaba da sana'ar, sai ga zinariya ta ɓulla a Kalifoniya a 1848, kowa na neman abin haƙa. Yaƙin basasa ma ya ƙara musu ciniki.

A 1863 ya shiga majalisar wakilan Amurka. Lokacin nan aikin layin dogo na Union Pacific yana tafiyar hawainiya saboda rashin kuɗi. Ames ya zuba dukiyarsa ciki, har aka haɗe gabas da yamma a Utah ranar 10 ga Mayu, 1869. Wannan kam babu mai ƙwace masa.

Inda gizo ke saƙar shi ne kamfanin da ya yi ginin, Crédit Mobilier. Manyan Union Pacific su ne masu shi, suna ba kansu kwangila a farashin da suka ga dama, alhali gwamnati ce ta ba da filaye da rance. Ames ya riƙa sayar wa abokansa 'yan majalisa hannun jarin kamfanin da araha, wasu ma ribar ce ta biya musu. Su ne kuma aka ɗora wa sa ido a kan aikin.

Jaridar New York Sun ta tona asirin a 1872. Da aka kira shi gaban kwamitin bincike, sai ya fito da ɗan littafin da yake rubuta sunaye da kuɗi. A ganinsa ciniki ya yi, ba cin hanci ba. Ni dai ban yarda ba, amma hukuncin ya fi ba ni haushi: a Fabrairun 1873 majalisa ta tsawata masa shi da James Brooks kaɗai, sauran da suka karɓa suka sha. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki ya rasu.

A 1883 majalisar jiharsu ta wanke shi. Union Pacific ma ta gina musu dalar dutse shi da ƙanensa a Wyoming, a bakin layin. Daga baya aka karkatar da layin, dalar tana nan ita kaɗai a fili.