Helen Keller: An Ɗauki Nauyinta, Ita Ma Ta Ɗauki Na Wasu

'Yan uwa mata, a wannan fitowa ta bikin zagayowar shekarar ƙungiyarmu mun kawo muku tarihin wata Ba'amurkiya mai suna Helen Keller. Jama'a sun san ta da cewa makauniya ce kuma kurma, amma ta yi karatu har jami'a. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wa ya biya kuɗin, wa kuma ya zauna da ita dare da rana. Mu 'yan kasuwa mun san ba kayan da ke kai kansa rumfa, sai an samu mai ɗauka.

An haife ta ranar 27 ga Yuni, 1880, a garin Tuscumbia cikin jihar Alabama. Lafiya lau ta zo duniya. Tana da wata 19 wani zazzaɓi mai zafi ya kama ta, da ya sake ta ya tafi da ganinta da jinta. Ta taso ba ta da hanyar faɗin abin da ke ranta sai ishara, in ba a gane ba ta yi ta birgima tana fasa kwanuka. Iyayenta ba su ɓoye ta a ɗaki ba. Sun yi ta neman shawara har suka kai ga Alexander Graham Bell, mutumin nan da ya ƙirƙiro tarho, wanda kuma malamin kurame ne. Shi ya haɗa su da makarantar makafi ta Perkins a birnin Boston, makarantar kuma ta turo musu malama.

To, malamar nan, Anne Sullivan, ita ma ta sha wuya. Amosanin ido ya kama ta tana 'yar shekara 5, uwarta ta rasu, uban ya watsar da su. A 1876 aka kai ta gidan gajiyayyu na Tewksbury ita da ƙaninta Jimmie, bayan 'yan watanni yaron ya rasu a can. Sai a 1880, da jami'an gwamnati suka zo duba gidan, ta tare babbansu ta roƙe shi a sa ta makaranta. Ta shiga Perkins tana da shekara 14, ko sunanta ba ta iya rubutawa, ƙananan yara na yi mata dariya. Mu da muka zauna ajin yaƙi da jahilci da furfura a ka, ai mun san ɗacin wannan. Aka yi mata aikin ido ta ɗan samu gani, a 1886 kuma ta gama makaranta, ita aka zaɓa ta yi jawabi a madadin 'yan ajinsu.

Ranar 3 ga Maris, 1887, Anne ta isa gidan su Helen a kan albashin dala 25 a wata. Ta fara rubuta mata sunayen abubuwa da yatsu a tafin hannu. Wata guda cur yarinya na kwaikwayo ba tare da ta san ma'ana ba. Ranar 5 ga Afrilu suka je wurin famfon tuƙa-tuƙa, ruwa na zuba a hannu ɗaya, malama na rubuta sunan ruwa a ɗayan. Nan Helen ta gane ashe kowane abu yana da suna. Kafin dare ta koyi kalma 30. Daga baya ta iya rubutun makafi, ta kuma koyi fahimtar magana ta hanyar ɗora yatsunta a leɓɓa da maƙogwaron mai maganar.

Ga wurin da muke so ku tsaya da kyau. Helen na da shekara 10 ta ji labarin wani yaro, Tommy Stringer, a jihar Pennsylvania. Sanƙarau ya makantar da shi ya kurmantar da shi, uwarsa ta rasu, uban ya kasa riƙe shi. Yana kwance a asibiti, ana shirin kai shi gidan gajiyayyu, irin wanda malamarta ta fito. A daidai lokacin aka harbe wata karya da Helen ke ji da ita, mutane a Amurka da Ingila suka ce za su haɗa kuɗi su saya mata wata. Sai ta roƙe su a juya kuɗin zuwa karatun Tommy. Ta zauna ta yi ta rubuta wasiƙu zuwa jaridu, da wasiƙun godiya ga masu bayarwa. Manya suka ba da, 'yan makaranta ma suka kawo 'yan sulallansu, har aka tara sama da dala 1,600. A 1891 aka kai Tommy sashen ƙananan yara na Perkins. Yaron da ya zo ko tafiya bai iya sosai ba ya koyi magana da yatsu, ya kuma ƙware a aikin katako. Kun ga, da kaɗan-kaɗan aka yi shi, kamar zubin adashi.

Ita ma Helen ba ta wuce neman tallafi ba. Mahaifinta ya rasu a 1896, kuɗin karatu ya zama abin damuwa. Marubucin nan Mark Twain ya yi mata hanya wurin abokinsa Henry Rogers, attajirin man fetur, shi da matarsa suka ɗauki nauyin karatunta. Ta shiga kwalejin Radcliffe a 1900. Anne ce ke zama gefenta a aji, duk abin da malami ya faɗa ta rubuta mata a hannu, alhali nata idon ma ciwo yake. A 1904 Helen ta karɓi digiri, ita ce makauniya kuma kurma ta farko da ta kai wannan matsayi.

Sauran rayuwarta ta ƙarar da ita wajen rama alheri. A 1915 tana cikin waɗanda suka kafa asusun taimakon sojojin da suka makance a yaƙin duniya na farko. Daga 1924 ta yi sama da shekara 40 tana nema wa gidauniyar makafi ta Amurka kuɗi. Ta zaga ƙasashe da dama, har da Japan da Masar da Afirka ta Kudu, tana kira a buɗe wa yara makafi da kurame makarantu. Anne ta rasu a 1936 bayan shekara 49 suna tare, hannunta na cikin na Helen. Helen kuma ta rasu ranar 1 ga Yuni, 1968, tana da shekara 87. Asusun nan na 1915 shi ne yau ƙungiyar da ke ɗauke da sunanta, tana kuma aiki a Nijeriya da Nijar wajen yaƙi da amosanin ido da raba wa yara bitamin A.

In muka duba, ba kyautar rana ɗaya ce ta raya Helen da Tommy ba. Kuɗi ne da ke zuwa shekara bayan shekara, da malamar da ba ta gaji ba, da mutanen da suka yarda yaro mai nakasa yana da ƙwaƙwalwa. A wajenmu kuwa sau da yawa irin yaran nan ko suna ƙuryar ɗaki ko suna bakin kasuwa da ƙoƙon bara, muna miƙa musu canji mu wuce. Alhali makarantu suna nan, akwai ta makafi a Gindiri, akwai ta Tudun Maliki a Kano. Abin da kan hana yaro zuwa wani lokaci bai wuce kuɗin mota da yunifom da sabulu da mai raka shi ba. Wannan bai fi ƙarfin mata goma masu rumfa ba in sun haɗa hannu. Kafin taronmu na gaba, kowace ta duba unguwarsu ta tambayi uwar yaron, cikin mutunci, me ya tsayar da shi a gida.