Cahir Healy: Ɗan siyasar da aka zaɓa yana tsare a cikin jirgin ruwa

A watan Nuwamban 1922, al'ummar mazaɓar Fermanagh da Tyrone da ke Arewacin Ireland suka zaɓi Cahir Healy ya wakilce su a majalisar dokokin Birtaniya. A lokacin bai samu damar fita yaƙin neman zaɓe ba, domin yana tsare a cikin wani jirgin ruwa mai suna Argenta, wanda gwamnatin yankin ta mayar kurkuku. Daga nan ya fara tafiyar da ta kai shi shekara fiye da 40 yana fafutukar ganin an haɗe tsibirin Ireland ya zama ƙasa ɗaya, burin da bai cika ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

An haifi Healy a watan Disamban 1877 a garin Mountcharles da ke gundumar Donegal. Ya taɓa aikin jarida, daga baya ya zauna a garin Enniskillen yana aikin inshora. Ya shiga sahun masu raya harshen Irish, yana kuma rubuta waƙoƙi. Yana cikin mutanen farko da suka shiga jam'iyyar Sinn Féin tun kafuwarta a 1905, jam'iyyar da ta sa gaba wajen neman 'yanci daga mulkin Birtaniya.

Raba tsibirin da aka yi a 1921 shi ne ya sauya masa rayuwa. Gundumomi 26 na kudu suka samu 'yancin gudanar da harkokinsu, shida na arewa suka ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya da majalisarsu a Belfast. Fermanagh da Tyrone suka faɗa cikin shidan, duk da cewa mabiya ɗariƙar Katolika masu son haɗewa da kudu su ne suka fi yawa a cikinsu. A watan Mayun 1922, bayan kisan wani ɗan majalisa mai goyon bayan Birtaniya, William Twaddell, hukuma ta kame ɗaruruwan mutane ba tare da shari'a ba, har da Healy. Yana tsare aka zaɓe shi a 1922, aka sake zaɓensa a 1923, sai a 1924 aka sallame shi.

Healy da jama'arsa sun ɗora fatansu a kan hukumar shata kan iyaka da yarjejeniyar 1921 ta tanada, suna sa ran za ta mayar da yankunansu kudu. A ƙarshen 1925 gwamnatocin Landan da Dublin da Belfast suka amince a bar iyakar yadda take. Mutanen kan iyaka suka wayi gari 'yan tsiraru a ƙasar da ba su zaɓa ba.

A wannan shekarar aka zaɓe shi a majalisar dokokin Arewacin Ireland, wadda daga baya aka fi sani da Stormont, ya riƙe kujera har 1965. A nan ya fuskanci tambayar da ta raba kan masu kishin Ireland shekara da shekaru: shiga majalisar tamkar amincewa ne da rabuwar da suke adawa da ita, ƙaurace mata kuwa barin talaka ne ba mai magana da yawunsa. Healy ya gwada hanyoyin biyu, amma ya fi karkata ga zama a zauren. Ya yi ta kokawa kan yadda ake murɗe iyakokin mazaɓu da nuna bambanci wajen rabon gidaje da ayyukan gwamnati. Sai dai jam'iyyar Unionist ce ke da rinjaye tun daga 1921 ba tare da yankewa ba, don haka da wuya koken 'yan adawa ya zama doka.

A 1928 shi da Joseph Devlin suka kafa ƙungiyar da za ta haɗa kan masu kishin ƙasa a arewa. Ya sake wakiltar jama'arsa a Landan daga 1931 zuwa 1935. A 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka sake tsare shi a kurkukun Brixton bisa dokar tsaro ta lokacin yaƙi, har ƙarshen 1942. Bayan yaƙin yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar yaƙi da rabuwar Ireland a 1945, ya kuma koma majalisar Birtaniya daga 1950 zuwa 1955.

Masu sukarsa na ganin zamansa a majalisa bai motsa iyakar ko taku ɗaya ba. Amma koke-koken da ya yi ta nanatawa su ne matasa masu neman 'yancin ɗan ƙasa suka fito da su kan tituna a ƙarshen shekarun 1960. Healy ya rasu a watan Fabrairun 1970 yana da shekara 92. Bayan shekara biyu, a 1972, gwamnatin Birtaniya ta dakatar da majalisar Stormont.